Aiki Na Bakin Ƙofa, Ɗalibi Na Hangen Birni

A shekarar 1973 ne Hukumar ITF ta ƙirƙiro shirin SIWES, mai tura ɗalibai ma'aikatu domin su koyi aiki da hannunsu. To amma shirin na manyan makarantu ne. Ɗan sakandare a Wurno, Rabah ko Goronyo ba ya ciki.

Alhali kuwa ga aiki a bakin ƙofarsa. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a kan Gulbin Rima a 1984, tana shayar da gonakin shinkafa da albasa, kuma noman rani ba ya tafiya sai da bakaniken injin ban-ruwa da malamin gona.

Ya kamata shugabannin makarantu su nemi Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa karɓar yara lokacin hutu, tun kafin su zaɓi darussan babbar sakandare.