Waya ba ta lalace ba, amma WhatsApp ya ƙi buɗewa: wa ke yanke wa salula kwanakinta?

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram da Tawa, wayar da aka fi ji da ita tsohuwa ce. Wani ɗa ko ƙane da ke ci-rani a Aljeriya, Abijan, Faransa ko Amurka ne ya gama amfani da ita, ya ba mai zuwa gida ya kawo wa tsofaffi. Aikinta kusan guda ɗaya ne: a danna, a riƙe, a yi magana, a saki. Da saƙon murya na WhatsApp, wanda matasa ke kira "vokal", ake sanar da haihuwa da rasuwa, da shi ake cewa an turo kuɗin hatsi a je a karɓa. Uwar da ba ta yi lakkol ba ma ba ta buƙatar kowa ya karanta mata.

Sai a wayi gari manhajar ta ƙi buɗewa. Gilashi bai fashe ba, batiri na ɗaukar caji, rezo ma akwai. A kai wa mai gyara a bakin kasuwa, ya juya ta, ya duba, ya ce babu abin da ya lalace, tsufa ne kawai.

Wannan shi ne abin da ya sami masu riƙe da iPhone 5s, iPhone 6 da iPhone 6 Plus a tsakiyar shekarar 2025. Kamfanin Meta, mai WhatsApp, ya yanke cewa manhajar ba za ta ƙara aiki a kan iPhone ba sai mai ɗauke da iOS 15.1 ko wanda ya fi shi sabunta. Su kuwa waɗannan wayoyi uku, da suka fito a 2013 da 2014, kamfanin Apple ya tsayar da su a kan iOS 12. Babu mai gyaran da zai iya ɗaga su sama da nan, komai gwanintarsa.

Kuma ba farau ba ne. WhatsApp ya bar wayoyin BlackBerry a ƙarshen 2017, ya bar ƙananan Nokia masu tsarin S40, irin su Asha, a ƙarshen 2018, ya bar Windows Phone a ƙarshen 2019. A watan Oktoba na 2022 ya sauke iPhone 5 da 5c, bayan shekara guda kuma ya sauke wayoyin da suka tsaya a Android 4.4. Wanda ya fi taɓa talaka shi ne na KaiOS, wato wayoyin nan masu maɓalli da ke shiga intanet. A 2019 an tallata su a Afirka a matsayin ƙofar da marar ƙarfi zai bi ya shiga duniyar intanet. Kamfanin Orange ya fito da tasa mai suna Sanza a kan kusan dalar Amurka 20, Tecno ma ya yi T901. WhatsApp na cikin manyan abubuwan da aka jawo hankalin masu saye da su. A 2024 ya hana sabuwar rajista a kansu, a farkon 2025 ya janye gaba ɗaya.

Abin da ke tsufa a cikin waya

Kowace wayar zamani tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita: Android na kamfanin Google, ko iOS na Apple. Ita ce gidan. WhatsApp, TikTok, Facebook da manhajojin tura kuɗi duka ƴan haya ne a ciki. Gidan ƙasa kuwa in aka daina yi masa yaɓe, damina biyu ko uku ta isa ƴan haya su fara kwashe kayansu ɗaya bayan ɗaya.

Yaɓen shi ne abin da waya ke rubutawa da Faransanci "mise à jour", wanda mutane da yawa ke turewa don kar ya cinye musu mega. Iri biyu ne. Akwai wanda ke ɗaga wayar zuwa sabon Android ko iOS, akwai kuma ƙarami na tsaro, mai toshe ɓarakar da aka gano. Na biyun ba ya canza komai a ido, amma shi ya fi muhimmanci.

Tarihinsa ma yana da dalili. A watan Yuli na 2015 wani mai bincike, Joshua Drake na kamfanin Zimperium, ya bayyana wata ɓaraka a cikin Android da aka sa wa suna Stagefright. Saƙon hoto ko bidiyo guda ɗaya na MMS ya isa a kutsa cikin waya, kuma an ƙiyasta cewa wayoyi kusan miliyan 950 na cikin haɗari. Bayan wannan ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro kowane wata. A watan Mayu na 2019 kuma aka gano ɓaraka a cikin WhatsApp kansa, wadda aka bi aka dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO Group na Isra'ila, a wayoyin mutane kusan 1,400, ciki har da ƴan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam. Kiran WhatsApp kawai ake yi, ko ba a ɗauka ba. Maganin da aka bayar a lokacin shi ne kowa ya sabunta manhajarsa. Wayar da ba ta iya karɓar sabuntawa ba ta da wannan mafita.

Saboda haka hujjar WhatsApp ba ta banza ba ce. A shafinsa na taimako kamfanin ya bayyana cewa kowace shekara yana duba wayoyin da suka fi tsufa kuma masu amfani da su suka fi ƙaranci, waɗanda ba sa samun gyaran tsaro, sannan ya sanar da masu su a cikin manhajar kafin ya janye. Matsalar tana cikin kalmar "ƙaranci". Manhaja ce mai masu amfani sama da biliyan 2, kuma lissafin na duniya ne baki ɗaya. Ɗan kason da ya rage a kan tsohuwar waya, a idon injiniya a Kaliforniya, bai taka kara ya karya ba. Amma wannan kason ba a Landan ko Paris ya taru ba. Yana inda tsofaffin wayoyin duniya ke ƙarewa, kuma Sahel na cikin wuraren. Sanarwar ma a rubuce take zuwa, ga mutanen da suka zaɓi saƙon murya don ba sa karatu.

Shekara bakwai ga mai hali

Tsawon lokacin da waya za ta ci gaba da samun sabuntawa, kamfanin da ya ƙera ta ne ke yankewa, kuma yakan yanke tun kafin ta fito kasuwa. A watan Oktoba na 2023 Google ya yi wa wayarsa Pixel 8 alƙawarin shekara 7. A watan Janairu na 2024 Samsung ya bi sahu da Galaxy S24, shi ma shekara 7. Apple ba ya cika yin shela, amma a aikace wayoyinsa kan daɗe: iOS 26 da ya fito a Satumba na 2025 yana hawa har kan iPhone 11 ta 2019, ko da yake ya bar XR da XS a baya.

Duk waɗannan wayoyi ne masu tsada, da ɗalibin jami'a a Damagaram ko ɗan kabu-kabu a Maraɗi sai dai ya gani a hannun wani. A nan kasuwa ta Tecno, Infinix da itel ce, dukansu na kamfani guda, Transsion, da ke birnin Shenzhen na China, wanda ya fi kowa sayar da waya a Afirka. Ya ci kasuwar ne da abin da mutane ke buƙata da gaske: gurbin layi biyu, batiri mai juriya a garin da wuta ke yawan ɗaukewa, kyamarar da ke fito da baƙar fata yadda take, da farashin da aljihu zai iya. Wannan yabo ne da ya cancanta. Sai dai a rukunin wayoyi masu arha, na kowane kamfani, alƙawarin sabuntawa ya saba zama gajere, wani lokaci ma ba a rubuta shi a jikin kwali ko a talla ba. Dalilin kuɗi ne. Kowace sabuntawa sai an biya injiniyoyi sun daidaita ta da kowane samfuri, sai kuma kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, kamar MediaTek, Unisoc ko Qualcomm, ya ci gaba da ba da nasa gyaran. Ribar da ke kan waya mai arha kaɗan ce, kamfani kuma ya fi son a sayi sabuwa.

Akwai alamar sauyi. Samsung ya ba Galaxy A16, wadda ke cikin masu sauƙin kuɗi, alƙawarin shekara 6 a ƙarshen 2024. Hakan ya nuna abin mai yiwuwa ne, kuma ya ba mai saye abin da zai auna sauran da shi.

Turai kuwa ta mayar da maganar doka. Tun ranar 20 ga Yuni 2025, duk sabuwar wayar da za a shigar kasuwar Tarayyar Turai sai ta cika wasu sharuɗɗa: sabuntawa na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, kayan gyara na shekara 7, da batirin da zai riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan caji 800. Akwai kuma takardar da ke nuna sauƙin gyaran wayar, daga A zuwa E. Turawa sun yi hakan ne bayan sun ɗanɗana. A Disamba na 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone masu raunin batiri, kuma a Fabrairu na 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba.

Dokar za ta amfani Nijar ta bayan gida, tun da wayar da aka saya a Liyon ko Brussels yau ita ce okaziyon da za ta iso Yamai nan da shekara uku ko huɗu, kuma za ta iso da sauran kwana. Amma ba ta hau kan samfurin da aka ƙera don kasuwar Afirka kaɗai ba, wanda ke shigowa daga China ko Dubai. A kan irin wannan, babu abin da ke tsakanin mai saye da kamfani sai tambayar da ya yi kafin ya biya.

Kafin a saka waya cikin jaka

Idan WhatsApp ya ƙi buɗewa, dabarar da aka fi bai wa masu Android ita ce a zuba musu GB WhatsApp ko makamancinsa. Ba na Meta ba ne, ba ya cikin Play Store, babu wanda zai iya ba da tabbacin inda saƙonni da lambobin da ke cikinsa suke zuwa. Kamfanin WhatsApp ya sha gargaɗi cewa yana dakatar da lambar da ya kama tana amfani da irin waɗannan. Mai lambar da duk dangi da abokan ciniki suka sani, in aka rufe ta, asararsa ta fi kuɗin waya.

Ga ɗan ci-rani mai niyyar aiko da waya gida, akwai tarkunan da suka fi tsufa saurin kamawa. Na farko makullin iCloud: tun 2013 iPhone ba ta yarda da sabon mai ita sai tsohon ya cire asusunsa, kuma Android ma tana da irin wannan makulli da asusun Google. Wayoyi nawa ne ke kwance a akwatunan masu gyara saboda wanda ya aiko ya manta kalmar sirrinsa? A cire asusun, a goge wayar, tun tana hannu. Sannan wayar da aka karɓa bashi daga kamfanin sadarwa a Turai ko Amurka tana iya zama a ɗaure da layinsu, sai sun kwance ta kafin ta karɓi na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms. Masu aikowa daga Amurka kuma su sani cewa tun daga iPhone 14 ta 2022, samfurin da ake sayarwa can ba shi da gurbin saka layi ko kaɗan, eSIM kawai yake ɗauka. Gara a tambayi kamfanin layin wanda za a aika wa kafin a yi ɗawainiya.

Duba shekarun waya kuwa ba ya cin minti ɗaya, ko a gaban mai shago. A Android a shiga "Paramètres", a gangara zuwa "À propos du téléphone", a ga lambar Android da kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In kwanan watan ya wuce shekara biyu kuma wayar ta ce babu sabon abu, kamfanin ya riga ya juya mata baya, ko da jikinta na ƙyalli. A iPhone, "Réglages", sai "Général", sai "Informations". Mai sayar da okaziyo zai nuna lafiyar gilashi da ta batiri, ba lallai ya kai mai saye wannan shafin ba.

Wanda ke da tsohuwar waya a gida ya kuma tuna da ajiye saƙonni tun manhajar na buɗewa. A Android ana ajiye su a Google Drive, kuma tun farkon 2024 suna cin wuri cikin giga 15 da Google ke bayarwa kyauta. A iPhone iCloud ne, mai giga 5 kacal. Muryar mahaifin da ya rasu, hotunan suna da na biki, sau da yawa a cikin WhatsApp ɗin tsohuwar wayar kaɗai suke.

Waɗanda suka kasance a bakin layi a ƙarshen 2025 su ne iPhone 6s da iPhone 7, da suka tsaya a iOS 15, sai wayoyin da ke kan Android 5, tsarin da ya fito tun Nuwamba na 2014. Har yanzu ana ganin irinsu a teburan masu sayar da waya, an goge su tas, an naɗe su cikin leda.