Mabiyiya Ba Katanga Ba Ce

An daɗe ana ɗaukar mabiyiya tamkar katangar da ke kare ɗan tayi daga duk abin da uwa ta sha. Dabbobin ɗakin gwaji sun nuna ba haka abin yake ba. Idan aka ɗirka wa zomanya mai ciki maganin barci irin dayazifam ko finobabiton, ba a jimawa za a same shi a jinin 'ya'yan da ke cikinta. Irin wannan magani yana narkewa cikin kitse, kuma halin da ya ba shi damar shiga ƙwaƙwalwar uwa ya kwantar da ita, shi ne yake ba shi damar ratsa mabiyiya. Hantar ɗan tayi kuwa ba ta yi ƙwarin da za ta kawar da shi da wuri ba. Bayan haihuwa ma yana biyo nono, sai a ga jariri ya yi laƙwas, ko mama ba ya iya kamawa da ƙarfi.

Sakaci da wannan darasi ya taɓa jawo bala'i. A 1957 aka fara sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus ta Yamma, mata masu laulayi suka yi ta sha. Kafin a janye shi a 1961, an haifi yara fiye da 10,000 da nakasa, galibi a hannuwa da ƙafafu. Amurka ta tsira daga mafi yawan ɓarnar ne saboda Dakta Frances Kelsey, jami'ar hukumar kula da magunguna ta ƙasar, ta ƙi amincewa da shi, ita da ta taɓa ganin yadda kwinin ke ratsa mabiyiyar zomaye.

Wasu za su ce ai dabba ba mutum ba ce, tun da talidomaid bai cika nakasa 'ya'yan ɓera ba. Gaskiya ne, amma a 1962 an ga nakasar a 'ya'yan zomo, daga baya kuma a na biri. Shi ya sa yanzu ake gwada sabon magani a kan jinsi biyu, ɓera da zomo. Gwajin bai cika goma ba, sai dai barinsa yana nufin a yi shi a jikin 'ya'yan mutane. Don haka mai ciki ko mai shayarwa kada ta sayi maganin barci a kemis da kanta, wadda likita ya ɗora a kan na farfaɗiya kuma kada ta daina sai da shawararsa.