Zaman koyon riƙe zuciya: me ke gaskiya, me ke ƙarya?

A shagunan da ke Titin Ibrahim Taiwo, daf da Kantin Kwari a Kano, da zarar an ce wane yana ganin likitan ƙwaƙwalwa, sai hankalin kowa ya tafi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. In kuwa aka ce zama ne na rukuni, sai a ce za a tara mutane su tona asirin gidajensu. Wannan maganar tana damuna, domin tana hana masu buƙata neman taimako.

Ba mahaukata ake tarawa ba. Mutane ne masu hankalinsu, wasu ma suna kasuwa kullum, amma zuciyarsu kan tashi kamar wutar kara: fushi ya kai su ga fasa kaya, ko baƙin ciki ya sa su yanki jikinsu. Marsha Linehan, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta koyar a Jami'ar Washinton ta Amurka, ita ta tsara hanyar da ake bi a wannan zama, wadda ake kira DBT, ta wallafa littafinta a 1993. A 2011 ta bayyana cewa ita kanta an kwantar da ita asibiti tana budurwa.

Batun tona asiri ma ƙarya ne. Zaman ya fi kama da aji. Ana haɗuwa sau ɗaya a mako, kusan awa biyu, har makonni 24, ana koyon natsuwa, jure ƙunci, sarrafa fushi, da yadda za ka ƙi abu ba tare da ɓata zumunci ba. Ga misali: in zuciya ta yi zafi, a cika kwano da ruwan sanyi, a tsoma fuska, a riƙe numfashi ɗan lokaci, bugun zuciya sai ya sauka. Mai ciwon zuciya dai sai ya tambayi likita tukuna. Wanda ya saba yin alwala in ransa ya ɓaci ba zai ga baƙon abu a nan ba, kuma babu mai hana shi addu'arsa.

Abin da ke gaskiya shi ne ba a warkewa dare ɗaya, kuma ƙwararrun da suka iya wannan aiki sun yi kaɗan a Najeriya, duk da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Wanda ɗan'uwansa ya fara maganar kashe kansa, kada ya jira a kafa rukuni. A kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a ranar.