Babi Na Shida: Yadda Marubuci Ke Riƙe Mai Karatu

Ma'abota fasaha sun daɗe da fahimtar cewa hankalin ɗan Adam ba ya zama a kan magana, kome daɗinta, sai in akwai tambayar da aka tayar masa ba a amsa ba tukuna. Bisa wannan asali Alhaji Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a Zariya cikin 1937, inda aku, da yake ba shi da ƙarfin da zai hana Musa ɗan sarki fita yaƙi, ya riƙa ɗaure shi da hikaya dare bayan dare har gari ya waye.

Mutanen Tasawa da Mayahi ba su da bukatar aron labari, domin ƙasarsu ta ga abin al'ajabi. A ran 14 ga Yuli 1899 Kyaftin Voulet, wanda rundunarsa ta ƙone Birnin Konni da garuruwa masu yawa, ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori, alhali hukumar Faransa ce ta aiko Klobb ya tsai da ta'asar. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu suka juya wa Voulet da abokinsa Chanoine bindiga kusa da Maijirgi.

Wanda ya jero wannan kamar lissafin haraji ya faɗi gaskiya, amma mai karatu zai yi hamma ya ajiye takarda. Mai hikima kuwa sai ya fara tsai da shi gaban kaburburan Voulet da Chanoine a Maijirgi, ya shaida masa ruwayar cewa da wani jami'in Faransa ya sa aka tone su a 1923 ba a tarar da kowa a ciki ba, sa'an nan ya koma baya sannu a hankali, yana buɗe al'amarin gwargwadon abin da zai ƙara ƙishirwar sani.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a ganina shi ne mafi girma: jinkirta amsa halal ne, ƙaga ƙarya don a riƙe mutum kuwa cin amana ne, balle a labarin da jinin talakawa ya kwarara a cikinsa. Malamai da ɗaliban Tasawa da Mayahi, ku zauna gaban dattawanku ku rubuta abin da suka ji daga kakanninsu tun suna da rai.