Lokutan Neman Shiga Jami'o'in Amurka: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Da yawa daga cikinmu Allah Ya ba su 'ya'ya masu ƙoƙari a makarantar boko, kuma akan samu yaro ya tunkari mahaifinsa da maganar yana son yin karatu a Amurka. Uban kuwa da ya ji, lissafin kuɗi zai fara. To amma kafin kuɗi akwai maganar lokaci, domin jami'o'in can suna da ranakun rufe karɓar takardu, kuma wanda ya makara da kwana ɗaya yana iya zaman jiran shekara guda. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayanin tsarin dalla-dalla.

Da farko dai, ana shiga aji ne a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, amma neman gurbi ana fara shi kusan shekara guda kafin nan. Watau yaron da ke son shiga baɗi, bana zai cike takardu, tun yana ajin ƙarshe na sakandare. Akwai fam guda a intanet mai suna Common App, wanda jami'o'i fiye da 1,000 ke karɓa, ana buɗe shi ran 1 ga Agusta kowace shekara. Za a nemi sakamakon yaro na shekarun sakandare, da wasiƙun shaida daga malamansa, da wani rubutu da zai yi a kan kansa wanda bai wuce kalmomi 650 ba. Idan takardun makarantarsa da Faransanci suke, sai an fassara su zuwa Turanci. Galibi akan buƙaci jarrabawar Turanci irin su TOEFL ko IELTS, wasu jami'o'in kuma kamar MIT da Harvard suna neman SAT ko makamanciyarta. Kuɗin fam yakan kama daga dala 50 zuwa 90 a kowace jami'a, amma wanda ba shi da hali yana iya roƙon a yafe masa.

Hanyoyin neman guda huɗu ne.

Ta farko ita ce neman wuri mai ɗaure alkawari, wadda suke taƙaita sunanta da haruffa biyu, ED. Akan rufe ta ran 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa ta fito a tsakiyar Disamba. Jami'a ɗaya tak ake nema ta wannan hanya, kuma yaro da uba ko uwa da malamin da ke kula da shi a makaranta duk sai sun sa hannu cewa in an ɗauke shi, nan zai je. Wannan kamar ciniki ne da aka riga aka sallama, babu sauran jin tayin wani. Da zarar an ɗauke shi, dole ya janye takardun da ya aika wa sauran jami'o'i. Uzurin da ake karɓa a warware alkawarin shi ne idan tallafin da aka ba shi bai isa ya biya karatun ba. Wanda ya saɓa haka kawai, ba kotu za a kai shi ba, amma yana iya rasa gurbin, ya kuma zubar da mutuncin makarantarsu. Wasu jami'o'in suna da zagaye na biyu na wannan hanya, wanda ake rufewa a farkon Janairu ko tsakiyarsa, amsa ta zo a Fabrairu.

Ta biyu ita ce neman wuri marar alkawari, watau EA. Ita ma a Nuwamba ake rufewa, amsa ta zo a Disamba ko Janairu, sai dai yaro yana da damar yin nazari har zuwa 1 ga Mayu, ya gwama da abin da wasu suka ba shi. Amma a lura, Harvard da Yale da Princeton da Stanford suna da sharaɗi: wanda ya neme su da wuri, ba zai nemi wata jami'a mai zaman kanta ta Amurka da wuri ba.

Ta uku ita ce ta gama-gari, wadda yawancin yara ke bi. Akan rufe ta tsakanin 1 da 15 ga Janairu, amsa ta fito a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Jami'o'in gwamnati na jihar Kalifoniya kuwa fam ɗinsu daban ne, kuma a ƙarshen Nuwamba suke rufewa.

Ta huɗu ita ce ta jami'o'in da ke duba takardu da zarar sun iso, su ba da amsa cikin 'yan makonni, su ci gaba da ɗauka har gurabe su cika. A nan wanda ya yi sammako shi ke samu, musamman ɗakin kwana da tallafi.

Wanda ya nema da wuri, amsa uku yake jira: an ɗauke shi, ko an ƙi, ko an ɗage shi zuwa zagayen gama-gari a sake dubawa. Ɗagewa ba ƙi ba ce, sai ya aika da sabon sakamakonsa. Amma kada ya naɗe hannu yana jiran Disamba, domin tsakanin amsar da rufewar Janairu mako biyu ne kacal. Ya kamata sauran takardunsa su kasance a shirye.

To, wace hanya ta fi? Gaskiya ne a jami'o'i da yawa an fi ɗaukar masu ɗaure alkawari, ko da yake a cikinsu akwai 'yan wasanni da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai waɗanda dama suna da fifiko. Illarta ga irinmu ita ce kuɗi. Manyan jami'o'i masu zaman kansu suna cin fiye da dala 80,000 a shekara idan aka haɗa da abinci da wurin kwana, kuma wanda ya ɗaure da wuri ɗaya ba zai ga tallafin da wasu za su ba shi ba, balle ya zaɓi mai sauƙi. Saboda haka uban da ya san sai da tallafi ɗansa zai iya, ya yi tunani sosai kafin ya sa hannu. Fam ɗin neman tallafi da yawancin irin waɗannan jami'o'i ke karɓa sunansa CSS Profile, kuma ranar rufe shi takan zo daidai da ta neman gurbin. Za a tambayi abin da uba ke samu a shekara da shaidar banki. Mai ciniki hannu da hannu a kara, wanda ba ya ajiye rasit, ya fara tattara shaida tun yanzu.

Bayan an ɗauki yaro, zai biya kafin alƙalami zuwa 1 ga Mayu, jami'a ta aiko masa da takarda mai suna I-20, sannan ya nemi bizar ɗalibai. Nan ma a yi hattara. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ba 'yan wasu ƙasashe biza, har da Chadi da Sudan, a Disamba na shekarar kuma ta ƙara da wasu, ciki har da Nijar. Don haka kafin a kashe ko sisi, a je ofishin jakadancinsu a tambayi matsayin fasfon yaron. Akwai kuma ofisoshin EducationUSA a Akra da Kumasi da Yawunde, masu ba da shawara kyauta. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi ta bayan fage, a guje shi.

Daga ƙarshe, muna ba iyaye shawara su zauna da yaro tun watan Agusta, a rubuta sunan kowace jami'a da ranar rufewarta a takarda, a manna a bango. A sanar da malamai wata guda kafin lokaci, a kuma aika da fam saura mako ɗaya, saboda ɗaukewar wuta da matsalar intanet. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba su ilmi mai amfani, amin.