Maƙwaƙƙwafi Mai Jan Ciki, Tsuntsun Kurmi da Ke Rayuwa a Kan Matattun Itatuwa

A kurmin Afirka ta Yamma, tun daga Gini da Saliyo har zuwa kudancin Najeriya da yammacin Kamaru, akwai wani nau'in maƙwaƙƙwafi da masana kimiyya ke kira Chloropicus pyrrhogaster. Wani Bafaranshe mai nazarin tsuntsaye, Alfred Malherbe, shi ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1845.

Tsawonsa ya kai kimanin santimita 24. Bayansa kore ne mai duhu, fuskarsa fara mai baƙin zane, sannan ga wani ja kamar garwashi da ya ratsa tsakiyar cikinsa, wanda daga nan ya samo sunansa. Namiji na da jan gashi a ka, na mace kuwa baƙi ne. Da wuya a gan shi, domin can ƙololuwar itatuwa yake yini. Sau da yawa ƙarar bugun bakinsa a jikin icce ce ke sanar da cewa yana kusa.

Halittarsa ta dace da sana'arsa. Yatsunsa biyu na fuskantar gaba, biyu baya, don ya riƙe ɓawon icce da kyau, gashin jelarsa kuma mai tauri ne, da shi yake dogarawa yayin sara. Idan ya huda icce, sai ya zura dogon harshensa ya zaƙulo tsutsotsin ƙwari da ke ɓoye a ciki.

Abincin nan ya fi yawa a itatuwan da suka mutu suna tsaye, kuma irinsu ne maƙwaƙƙwafi ke rarakewa ya yi sheƙa. Ramin da ya bari yakan zama gidan wasu tsuntsayen da ba su iya sara da kansu. Sai dai busasshen icce shi ne abin da mai neman makamashi ke fara kai wa gatari, kuma mutane da yawa na ɗaukar sare shi a matsayin abin da ba ya cutar da daji. Wannan kuskure ne.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sanya shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa ba, domin yankinsa na da faɗi, kuma yana iya zama a gefen gonaki muddin an bar dogayen itatuwa. Amma a kudancin Najeriya kurmin ya tsuke ƙwarai saboda saran katako da faɗaɗa gonaki, abin da ya rage ya fi yawa a wurare keɓaɓɓu irin su Gandun Dajin Okomu da ke Jihar Edo da na Omo a Jihar Ogun.