Hasumiyar Jamestown: fitilar da ta ga tashi da faɗuwar tashar Accra

Duk wanda ya bi titin bakin teku a tsohuwar unguwar Jamestown da ke Accra, babban birnin Ghana, zai hangi wata doguwar hasumiya mai ratsin ja da fari. Tsayinta mita 28 ne, kuma fitilar da ke samanta na haskawa har kusan kilomita 30 cikin teku.

Turawan Ingila ne suka fara gina hasumiya a wurin a 1871, shekara 6 kafin su mayar da hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Accra. Wadda ake gani yanzu an gina ta ne a shekarun 1930 a madadin ta farko.

Me ya sa aka buƙace ta? Gaɓar Accra ba ta da zurfin da manyan jiragen ruwa za su matso, don haka sai su tsaya can nesa, matuƙa kwale-kwale su riƙa fafatawa da igiyar ruwa suna jigilar koko da sauran kaya. Da dare kuwa, fitilar ce ke nuna wa matuƙin jirgi inda tudu yake. Kowace hasumiya irin wannan tana da salon walƙiyarta, wanda da shi ake bambanta ta da sauran.

Da aka buɗe tashar Tema a 1962, sai jiragen kasuwanci suka koma can, arziki ya bi su. Aka bar wa Jamestown masunta da tsofaffin gine-gine.

Dab da hasumiyar akwai gidan James Fort na 1673, inda aka tsare bayi, daga baya ya zama kurkuku. A cikinsa Kwame Nkrumah yake lokacin da ya ci zaɓe a 1951.

Rikicin baya-bayan nan a ƙarƙashin hasumiyar ya faru. A watan Mayun 2020, ana tsaka da annobar korona, hukumomin birnin suka rushe rumfuna da matsugunan bakin tekun domin gina tashar masunta da tallafin ƙasar Sin. An ƙaddamar da tashar a 2024. Babu mai musun cewa masunta na buƙatarta. Amma a ganin wannan marubuci, tambayar da ta kamata hukumomin Accra su amsa a bainar jama'a ita ce: mutanen da aka tasa, nawa daga cikinsu suka samu gurbi a sabuwar tashar?